Gonar Yaya Larai

Shafi na 38

Da sunan Allah nake farawa.

Na ga saƙonninku tun jiya. Wasu sun ce Siddiq butulu ne, wata ma cewa ta yi in haɗa shi da haɗarin mota kowa ya huta. Ku yi haƙuri, ni ba na yanke wa mutum hukunci sai na ji ta bakinsa. Wannan shafin na masu zaman gidan haya ne, musamman waɗanda aka ƙara wa kuɗi a daminar nan. Allah Ya ba kowa nasa.

*

Sai da Siddiq ya maimaita sallama a bakin siton kafin yayarsa ta amsa, amsar ma a ciki-ciki.

Hajiya Larai na zaune a kan buhu, ta zuba zoɓo a faifai tana duba tsintar da mata suka yi. Duk Maigatari babu wanda bai san siton nan ba. Daga nan ake lodin zoɓo da riɗi zuwa Kano da Legas, a nan kuma mata da yawa ke samun na cefane.

Matar Siddiq, Munira, ce ta fara durƙusawa.

"Ina kwana, Yaya?"

"Lafiya lau, Munira. Ya yaran?"

"Suna gaishe ki."

Siddiq ya rage tsawo shi ma.

"Yaya, barka da hantsi."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya zoɓon da yatsa.

"Ma'aikacin banki ne da kansa? Da ka aiko, ai da mun yi shara mun yi shimfiɗa."

"Yaya, don Allah."

"Ina biron? Na san abin da ya kawo ka. Mutanen kamfani sun riga ka, jiya ma sun zo. Sun ce in dai gonar Larai ce sun sa a ransu sun samu, tunda ƙaninta na hannunsu."

Matan da ke tsinta suka dakata da aiki, suka kasa kunne. Hajiya Larai ta dube su.

"Ku ɗan ba mu wuri."

Suka kakkaɓe zannuwansu suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Gonar da ake magana a kanta tana nan bakin gari, ta hanyar Gumel. Hajiya Larai ta saye ta ne da ribar zoɓonta na farko, lokacin wurin daji ne, mutane har dariya suka yi mata. Yanzu gari ya cim mata ta ko'ina. Wani kamfanin gine-gine ya zo zai yi rukunin gidaje a wurin, bankin da Siddiq ke aiki a Dutse kuma zai ba mutane bashi su saya. Siddiq ɗin ne ya fara kawo mata zancen tun da rani, ya ce talaka zai samu gida ya biya a hankali. Ta yi murna har ta yi wa matan sitonta albishir.

Ta ajiye faifan ta miƙe.

"Taso ka ga wani abu."

Ta zagaya da shi bayan tarin buhuna. Can lungu akwai katifa a naɗe, da akwatin ƙarfe, da kwanuka a kife, da jakunkunan makaranta a rataye jikin ƙusa.

"Kayan wa ne?" ya tambaya.

"Na Juwairiyya, matar marigayi Hussaini direba. Tun tana amarya take tsintar mini zoɓo. Da aka ji kamfani zai zo, mai gidan da take haya ya ninka kuɗi, wai ma'aikatan kamfani za su ba shi fiye da haka. Ta kasa. Ana tsaka da ruwa ya fito mata da kaya, ita da marayunta. A nan suke kwana."

Siddiq ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauke ta da kaina, na haɗa da Sabi'u shugaban direbobi, muka je ofishin kamfanin a rubuta sunansu. Ka san abin da aka fara tambayarsu? Takardar albashi. Sabi'u mai tirelolinsa na kansa, wai bai cancanta ba. Amma malamin ofis da ke zuwa wajensa rance a tsakiyar wata, shi ya cancanta. Da aka zo maganar kuɗin ruwa kuwa, Sabi'u ya gyara hularsa ya fita, ko sallama bai yi ba."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani? To je ka tambayi fuloti. Wanda ake ba ka a kuɗin saniya guda bara, yau ka kai uku ba za a kalle ka ba. Ba a aza bulo ko ɗaya ba fa. Labari kawai aka ji, masu kuɗin Kano suka zo suka saye bakin titi kaf suka ajiye. Wannan ne gidan talakan da ka ce mini?"

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne."

"Ban gama ba."

Ta matso har suna jin numfashin juna.

"An ce mini sun yi maka alkawarin gida a ciki. Na kusurwa, mai ƙofa biyu. In na sa hannu, naka ne kyauta."

Ya kawar da fuskarsa gefe.

"Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Sun yi."

Hajiya Larai ta ja da baya kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi. Ta daɗe tana kallonsa. Da ta yi magana muryarta ta sauka ƙasa sosai.

"Siddiq, kana rarrafe Inna ta rasu. A bayan nan nawa ka yi wayo. Da ƙuli-ƙuli na saya maka littafin farko. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake yi ba. So nake kawai in san ranar da na rasa ka, don ni ban lura ba."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Zan dawo in kin huce. Munira, tashi mu tafi."

Munira ba ta motsa daga inda take durƙushe ba.

"Babu inda za ni."

"Mun yi magana a mota."

"Mun yi. Na kuma ce maka ban ɗauki alkawari ba."

"Munira."

"Ka yi haƙuri, Baban Zayyad. Komai na iya shanyewa, amma ba zan zauna a ce maka maci amana ina ji ba."

Ta juyo wajen Hajiya Larai.

"Yaya, da muka shigo kin ji ƙarar motarsa?"

Hajiya Larai ta yamutsa fuska. "Me ya haɗa ni da motarsa?"

"Babu ita. An sayar. A motar haya muka zo daga Gagarawa."

"Me kuke yi a Gagarawa?"

"Can muke zaune, gidan Babanmu. A ɗakin da na yi 'yammatanci muke ni da yara, shi kuma yana kwana a shagon zaure. Tun bayan ƙaramar salla. Motar da muka zo miki da ita da babbar salla ta abokinsa ce, aro ya yi don kada ki gane."

"Aikin fa?"

"Babu aikin, Yaya."

Hajiya Larai ta laluba buhun da ke bayanta ta zauna.

Siddiq ya juya musu baya, ya dafa bango.

Munira ta share hawaye da gefen mayafi ta ci gaba.

"Mai kamfanin ya kira shi har gidansa, ya shimfiɗa masa zanen gidajen ya ce ya zaɓa. Shi kuwa ya ce masa ba zai iya barci a gidan da aka gina a gonar yayarsa ba alhali masu yi mata aiki suna kwana a waje. Ni da kaina na yi masa kuka ya karɓa, ba zan ɓoye miki ba. Tunda aka yi aurenmu a ciki da falo muke haya a Dutse. Kullum yana sa wa mutane hannu su samu gida, shi albashinsa bai kai ya ci bashin da yake ba wasu ba. Na ce Allah ne Ya dube mu. Ya ce a'a, jarrabawa ce."

"Sai kuma aka yi yaya?"

"Sai aka yi taron manyan bankin, ya miƙe a gabansu ya ce tsarin nan ba zai ba talakan Maigatari gida ba, korarsa ma zai yi daga wanda yake haya. Ya ce a buɗe wa direbobi da 'yan kasuwa ƙofa. Mai kamfanin babban mai ajiya ne a wajensu, ya kai ƙara. Aka ce masa ya zaɓa, ko ya kawo sa hannunki ko ya kama gabansa. Ya cire katin aikinsa ya ajiye musu a kan tebur."



"Siddiq," Hajiya Larai ta kira shi. "Juyo."

Ya juyo.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na san ki, Yaya. Da na faɗa, da kin sayar musu da gonar a ranar don a mayar da ni."



"Da na sayar," ta ce a hankali. "Wallahi da na sayar."

Sai kuma ta yi abin da Munira ba ta taɓa gani ba tunda ta shigo dangin. Matar da dillalan kasuwar Maigatari ke shakkar haɗa ido da ita ta sauko daga kan buhu ta durƙusa ta kama hannun ƙaninta da hannu biyu.

"Ka yafe mini. Na ji a bakin mutane na hau, ban tambaye ka ba."

"Haba Yaya, ki tashi don Allah. Ni na fara kawo miki su ai. A takarda abin ya yi kyau, ban hango ƙarshensa ba."

"Ka hango tun kafin ni. Inna ta haifi namiji."

(Masu cewa in haɗa shi da haɗari, ina kuka shiga? Ni dai ina rubutun nan ina share ido.)

Ta sa aka kawo musu fura. Sai da ta ga ya sha ta ce, "To yanzu fahimtar da ni. Ni a sanina bashi taimako ne. Ta yaya bashin gida ya zama abin korar mutane daga gida?"

Siddiq ya ajiye ludayin.

"Yaya, ranar Alhamis in aka kawo raguna kaɗan kasuwa, sai aka zo aka cika wa wasu mutane aljihu aka ce su saya, me zai faru?"

"Rago zai yi tsada."

"Wanda ba a cika wa aljihu ba fa?"

"Ko akuya ba zai samu ba, don ita ma za ta bi sahu."

"To shi ne. Banki yana ba mai albashi kuɗi masu yawa, gidajen da ake ginawa kuma manya ne, na mai albashi. Garin nan cikin mutum goma da ƙyar ka samu mai albashi ɗaya. Sauran taran ba su samu bashin ba, amma tsadar da bashin ya jawo ta same su. Ga shi kullum gari ƙara cika yake, daga ƙauyuka ana shigowa, daga Sule Tankarkar, daga ko'ina."

"Maganin fa? Na san ka, ba ka zauna a Gagarawa kana ƙirga azara ba."

Ya yi murmushi karo na farko.

"Akwai wani ƙaramin banki a Gumel da ba ya harkar kuɗin ruwa. Manajan, Malam Habibullah, tare muka fara aiki. Na kai masa tsarin da aka kore ni a kansa. A gina ƙananan gidaje, ɗaki biyu da bayi da kicin, a bar fili wanda ya samu hali ya ƙara. Banki ya gina, ya sayar wa mutum a farashi ɗaya tsayayye, ba ƙari ba ragi. Maimakon jiran albashin wata, kowa ya riƙa biya ranar kasuwa ta hannun ƙungiyarsa. Direba ta wajen su Sabi'u, masu tsinta ta wajen uwar ɗakinsu."

"Sun yarda?"

"Sun yarda."

"To me ya rage?"

Siddiq ya ɗauki ludayin ya hau juya furar da ta kusa ƙarewa.

"Jingina," Munira ta ce. "Suna son fili babba mai takardar gwamnati, a yi ginin a kai, ya kuma zama shi ne jinginar. Duk wanda ya je wa, ko ba shi da takarda, ko ya riga ya sayar."

"Ni ba wannan ya kawo ni ba," Siddiq ya katse ta. "Na zo ne in ce kada ki sayar wa kamfani, shi ke nan. Yaya, in mutane suka kasa biya, gonar ta tafi. Kamfani kuwa kuɗi zai zube miki yau, kuɗin da jikokinki ba za su cinye ba. Ba zan ce ki bar wancan ki ɗauki wannan ba."

Hajiya Larai ta kalli lungun da kayan Juwairiyya suke.

"Yaushe manajan ke zama a ofis?"

*

Ba ta yi gaggawa ba, don Hajiya Larai ba ta sayen buhu sai ta soka masa ƙarfe ta ga cikinsa. Ta kai takardun wajen lauya a Gumel ya karanta mata layi-layi. Ta kai wa malaminta ya duba ya ce babu riba a ciki. Ta tara 'ya'yanta ta faɗa musu, babban ya yi ta gunaguni, ta ce masa gonar ba gadon ubansa ba ce, guminta ne.

Ranar wata Talata bayan azahar suka hallara a ofishin Malam Habibullah. Ita, da Siddiq, da Sabi'u a madadin direbobi, da Juwairiyya a madadin mata. Juwairiyya ta takure a bakin kujera, ko ruwan da aka ba ta ta kasa buɗewa.

Malam Habibullah ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Amma ya daɗe yana gyara takardun da ke gabansa, sai ka ce ba a jere suke ba.

"Hajiya, akwai maganar da ta taso jiya da yamma. Na ga ya fi in faɗa miki baki da baki."

"Ina jin ka, Malam."

"Manyanmu sun ce gonar kaɗai ba ta isa ba. Dalilinsu, in an gina gidaje mutane sun shiga da iyalansu, babu wanda zai iya fitar da su ya sayar, ko da an kasa biya. Suna son a haɗa da wani abin da za a iya sayarwa."

"Kamar me?"

"Siton."

Siddiq ya miƙe tsaye.

"Habibullah, ba haka muka yi da kai ba. Yaya, tashi mu tafi."

"Zauna."

"Siton nan shi ne cinki, shi ne shanki. In ya tafi..."

"Na ce ka zauna, Siddiq."

Ya zauna.

Sabi'u ya yi gyaran murya. Dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya san hanyar Damagaram kamar tafin hannunsa.

"Hajiya, ni ma ban goyi baya ba. Gona daban, sito daban. Mu direbobi yau akwai gobe babu. Mota ta lalace, mutum ya kwanta ciwo. Kaya ne mai nauyi kike shirin ɗora mana."

"Malam Sabi'u, ɗaukar nauyi ai sana'arka ce."

Duk da halin da ake ciki sai da manajan ya murmusa.

Ta juya gare shi.

"Malam, ina da tambaya. Kai a aikinka, da me kake gane mutum zai biya?"

"Da takardunsa, Hajiya. Abin da yake samu, da abin da ya mallaka."

"To ni ba haka nake ganewa ba. Mutanen wannan dattijon tun ina yarinya a kasuwa nake loda musu kayana su tafi Legas. Ba shaida, ba rantsuwa. Akwai wanda motarsa ta faɗi a hanya, ya kwana uku a kan buhunana yana gadi, ƙafarsa a karye. Wannan baiwar Allah kuma," ta nuna Juwairiyya, "ta taɓa tsintar ɗan kunnena na zinare a cikin zoɓo, ranar ko abin karyawa ba ta bar wa 'ya'yanta ba, ta biyo ni da shi har gida. Ban ce takardunku banza ba ne. Amma ku takarda kuka sani, ni mutanen na sani. Siton da kuke so ma, hannunsu ne ya cika shi."

Juwairiyya ta rufe fuska da mayafi.

"Zan ba da siton. Amma ni ma ina da sharaɗi, ka rubuta."

Malam Habibullah ya ɗauki biro da sauri kamar ɗalibi.

"Na farko, kuɗin fili a sa shi yadda yake kafin zuwan kamfani, ba na son ƙarin ko sisi. Sannan duk wanda ya samu gida ba zai sayar wa mai kuɗin Kano ba, in ya gaji ya dawo wa ƙungiya da shi a ba na bayansa. Matan da mazajensu suka rasu su za a fara ba wa. Kada kuma in ga sunana a bakin ƙofa, ba na so."

"An rubuta, Hajiya."

"Saura ɗaya. Ka sa sunan Siddiq a cikin masu neman gida."

"Yaya, ni ban..."

"Ba kyauta ba ce, biya za ka yi kamar kowa. Da can ka fi ƙarfin talaka ka kasa mai kuɗi. Yanzu ba ka da albashi, ka cancanta."

Sabi'u ya tuntsire da dariya har yana tari. Siddiq ma dariyar ya yi, amma hannunsa na kan idonsa.

Aka gyara takardun, aka sake bugo su, aka karanta mata da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ta yi bisimilla ta karɓi biron, ta rubuta sunanta da ajami, manya-manyan baƙaƙe. Sabi'u ya sa nasa, Juwairiyya ta dangwala yatsa.

Malam Habibullah ya miƙe, ya cire tabarau.

"Hajiya, na daɗe a aikin nan. Na ga masu jinginar da gida don su ƙara jari, na ga masu yi don ɗansu. Ban taɓa ganin wanda ya jinginar da abincinsa don maƙwabta ba."

"Ka bar yabo, Malam, sai ranar da aka buga kwano."

Suka fito harabar bankin. Hadari ya haɗo ta gabas, iska mai sanyi na kaɗawa. Juwairiyya na ta sa albarka, ta kasa tsayawa.

Sabi'u ya ciro wayarsa da ya kashe tun shigarsu, ya kunna. Ko aljihu bai mayar da ita ba ta hau ruri. Ya duba, ɗaya daga cikin direbobinsa ne.

"Ilu, yaya? Kun tsallako?"

Ya saurara. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke.

"Sake faɗa."

A daidai lokacin wayar Hajiya Larai ta fara ƙara a cikin jaka. Ta maigadin bankin ma ta ɗauka.

Sabi'u ya sauke wayar daga kunnensa a hankali.

"Lafiya?" Siddiq ya tambaya.

"An rufe boda."

"Kamar yaya an rufe? Bincike ake yi?"

"Ba bincike ba ne. Jami'ai sun cika wajen, sun gitta motoci. Ba shiga, ba fita. Motocinmu suna can ta Nijar da kaya, har da riɗin Hajiya. Na wannan gefen an ce kowa ya juya." Ya dubi ƙofar bankin. "Duk direban da na rubuta sunansa a takardar can, da bodar nan yake ci. In babu ita babu lodi, babu kasuwar Alhamis, babu abin da za mu kawo wa banki."

Hajiya Larai ba ta ɗauki wayarta ba, ta bar ta tana ta ƙara.

"Zuwa yaushe?" ta tambaya.

"Sun ce babu rana."

Siddiq ya juya da gudu zai koma ciki, sai suka yi kiciɓis da Malam Habibullah a bakin ƙofa. Shi ma ya ji. Takardun na rungume a ƙirjinsa.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Motar da ke kai takardu babban ofis ga ta can, ni take jira. In suka shiga motar nan, ni kaina ba ni da ikon dawo da su. Amma har yanzu suna hannuna. In kika ce in yaga, yanzu zan yaga, babu wanda zai ji."

"Ki ce ya yaga, Yaya," in ji Siddiq. "Don girman Allah."

Sabi'u ya kawar da kai. "Ki ce ya yaga, Hajiya. Babu wanda zai ga laifinki."

Juwairiyya na tsaye a gefe. Ƙasa take kallo, tana murza yatsan da tawada ba ta gama bushewa a kai ba.

Ruwa ya fara ɗigowa. Direban motar bankin ya danna ham.

Hajiya Larai ta gyara mayafinta, ta taka har gaban manajan, ta miƙa hannu.

"Ba ni takardun."

*

Mu haɗu a shafi na gaba mu ji ko yagawa za ta yi ko motar za ta kai wa.